Lallen da Abdussamad Ya Ƙi Sawa

Akwai wani bakanike a unguwar Briqueterie ta birnin Yaoundé mai suna Abdussamad, wanda ya gaji garejin mahaifinsa tare da dabarun cikinsa. Ruwan saman Yaoundé ba ya barin ƙarfe lafiya, don haka rabin aikinsa kwance notin da tsatsa ta kama ne.

Ba ya sa wa noti ƙarfi. Yakan haɗa man birki da kananzir ya ɗiga a kai, ya ƙwanƙwasa da guduma a hankali, ya bar shi ya kwana. Idan ya ƙi, sai ya gasa shi da wuta, ya goga masa kyandir har ya narke ya shige ciki. Direbobin tasi sun shaide shi a kan wannan haƙuri.

Sai dai garejin yana da wata mummunar al'ada. Kwalbar da ke maganin noti ita ce ke maganin hannu. Duk wanda fatarsa ta tsage, man birki yake zubawa ya cije leɓe, kuma wanda ya fi jure raɗaɗin shi ake kira namiji.

Hannuwan Abdussamad sun tsattsage ƙwarai, domin da fetur yake wanke su. Ko alwala zai yi sai ya runtse ido. Matarsa Safinatu ta kasa jure gani, ta sayo man kaɗe a kasuwar Mokolo, ta kwaɓa lalle.

"Baban Jiddah, miƙo hannun nan. Da wannan kakata take rufe faso."

"Lalle? In shiga gareji da jan hannu kamar amarya? Ai Gajere har guɗa zai rangaɗa mini."

Gajere abokin aikinsa ne, mutum mai tsokanar da ba ta barin kowa.

"To bar lallen, shafa man kaɗen kawai."

"Su ji ina ƙamshin ɗakin mai jego? Man birki ya ishi Baba, ni ma zai ishe ni."

Wata rana yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar tasi, sifana ta kuɓuce, bakin ƙarfe mai tsatsa ya shige tsagar da ke yatsarsa manuniya. Ya zuba man birki, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki.

Yatsar ta kumbura ta yi baƙi. Ya koma cin tuwo da cokali, yana ɓoye hannun a aljihu.

"Don girman Allah mu tafi asibiti," in ji Safinatu.

"A ce tsagar hannu ta kwantar da patiron, maigidan gareji guda? Kada in sake ji."

Ranar da zazzaɓi ya hana shi tashi, Safinatu ta yafa mayafi ta nufi garejin da ba ta taɓa takawa ba, ta kira Gajere. Su biyu suka sa shi a mota, suka kai shi asibiti.

Likita ya daɗe yana duban hannun, sannan ya ce, "Da kun zo da wuri, wanki ne da allura. Yanzu kuwa sai an cire yatsar kafin a ceci hannun."

Bayan an cire yatsar, Gajere ya zauna a bakin gado yana kallon hannun.

"Yau babu tsokana?" Abdussamad ya tambaya da ƙyar.

Gajere ya juya wajen Safinatu. "Maman Jiddah, me ya hana ku zuwa tun farko?"

Ta gaya masa komai, har zancen lallen. Gajere ya dafe kai.

"Patiron, ashe saboda bakina ne? Wallahi da na yi dariya, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma lalle gogewa yake yi. Da yanzu ya goge, mun sami wani muna yi wa dariya."

Abdussamad ya dubi bandejin, ya juya fuskarsa ga bango.

Darasi: Maganin da ya dace da ƙarfe bai dace da jikin ɗan Adam ba, ko da gadonsa aka yi. Kuma mutunci ba ya zubewa don an ga mutum yana neman lafiya. Masu dariya za su gama su manta, kai ne za ka zauna da rashin. Ku tura wannan ga duk mai cin abinci da hannunsa, musamman kanikawa da iyalansu.