Zugazugin da Ke Cikin Ragaya

Akwai wani maƙeri da aka yi a Burumburum a shekarun 1950, ana ce masa Mudi. Saurayi ne mai hannu. In ya ƙera maka garma, sai ka sake ƙota uku bakinta yana nan. Aibinsa ɗaya ne: ya san ya iya, kuma ba ya gajiya da faɗa.

Rumfarsa tana jingine da ta kakansa, Malam Ubale, wanda ya rene shi tun rasuwar mahaifinsa, ya kuma koya masa ƙira. Amma in ka leƙa rumfunan nan biyu, ba ka ce jini ɗaya ba ne.

Shi Mudi, inda aiki ya ƙare nan kaya suke kwana. Masaba a ƙasa, awartaki a bakin ƙofa, zugazugin fatar akuya da yake hura wuta da shi a yashe gefen murhu.

Tsoho kuwa ba ya tashi sai ya goge kowane ƙarfe, ya jera su a kan wani gadon kara da ya ɗaga sama, ya barbaɗa toka a gindin dirkoki saboda gara. Zugazuginsa kuma ya naɗe ya sa a ragaya, irin wadda mata ke rataye ƙwaryar nono. Ragayar ma biyu ce. Ɗayar akwai wani ƙunshi a ciki, wanda Mudi bai taɓa damuwa ya tambayi ko mene ne ba.

Kun san jika da kaka, wasa ba ya ƙarewa.

Kullum Mudi sai ya leƙo ya ce, "Tsoho, nonon naka ya yi tsami kuwa? A dama mini fura mana."

Tsoho ya ce, "Yi dariyarka, ja'iri. Ranar da za ka zo neman nonon nan tana tafe."

Wata damina Mudi yana neman auren Safara'u, 'yar wani babban manomi Malam Habu. Bisa al'ada, sai ya tara abokansa su yi wa surukinsa gayyar huɗa. Da a ce ya tsaya nan, da lafiya lau. Amma ina! A zauren Malam Habu, gaban dattawa, ya ce, "Baba, duk wanda ya zo gayyar nan da sabuwar garma zai yi huɗa. Guda goma, ƙirar hannuna."

Malam Habu ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Allah ya kai mu. Ni dai 'yata, mai cika alkawari zan ba."

Mudi ya ƙera shida, ƙarfe ya ƙare. Sai ya shirya tafiya Riruwai, wajen masu haƙar kuza, ya samo tsofaffin ƙarafa. Kafin ya tafi ya ɗauko man shanun da wata Bafulatana, Tasalla, ta kawo masa don ya gyara mata wuƙa, ya shafe zugazuginsa da shi tas don fatar ta yi laushi. Ya ajiye shi a ƙasa inda ya saba.

Tsoho ya shaƙi ƙamshi daga rumfarsa, ya ce, "Man shanu? Kai, ka gayyaci ɓeraye biki. Kawo in rataye maka."

"Haba tsoho, kwana uku ne fa. Ka bar ragaya ga mata."

Ya ja asabari ya rufe rumfa, ya kora jakinsa.

Kwana ukun nan sai da suka zama tara. Ruwa ya tsuge, rafi ya cika, aka rasa hanyar ƙetarewa. Ranar Talata da hantsi ya iso gida, gayya kuwa ranar Alhamis ce.

Yana ɗage asabari ya tsaya cik. Ɓeraye sun ci bikinsu har sun watse. Zugazugi ya zama kamar rariya, ko'ina huji. Gara ta gina gida a ƙotar masaba, yana ɗagawa ta ruguje a hannunsa. Awartaki kuma ya sha yoyo, tsatsa ta kama shi ya ƙi buɗewa.

Mudi ya zauna a kan uwar maƙera. Ɗinka sabon zugazugi ba aikin kwana biyu ba ne. Ya tuna mutum huɗu za su tsaya a gonar Malam Habu hannu sake, ya tuna maganar da aka faɗa masa gaban dattawa. Kunya ta rufe shi, tsoron rasa Safara'u ya kama shi sosai.

Daga ƙarshe ya ja ƙafa zuwa rumfar kakansa, ya durƙusa.

"Kaka, barka da hantsi."

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "Yau kuma Kaka na zama? Nono ka zo saye?"

"Kaka, na tuba. Ka ara mini zugazuginka."

"Ni in ara maka? Ai gara ka kasa, Safara'u ta dawo hannuna. Dama ni ta fi so."

Mudi bai yi dariya ba. Da tsoho ya ga idonsa ya kawo ruwa, sai ya bar wasan. Ya miƙe, ya wuce ragayar farko, ya sauko da ta biyu. Ya kwance ƙunshin a hankali.

Zugazugi ne, fatarsa baƙa wuluk, da laushi kamar jiya aka ɗinka.

"Wannan na mahaifinka ne," in ji tsoho. "Shekara goma sha tara yana rataye nan. Duk shekara sai na sauko da shi na shafa masa man maɗaci, don ɓera ba ya son ɗaci. Tun ranar da ka iya ƙira naka ne. Jira nake ka iya ajiya."

Mudi ya rungume fatar nan. Abin da ya yi shekaru yana yi wa dariya, ashe gadonsa ne ake tsare masa.

Tsoho ya ce, "To, kuka ba ya hura wuta. Tashi, ni zan yi maka zuga."

Kwana biyu suka yi a bakin wuta, tsoho na zuga yana tsiya, jika na duka da masabar aro. Ranar Alhamis garma goma cif suka shiga gonar Malam Habu. Kafin la'asar an gama huɗa. Malam Habu ya ɗaga garma ɗaya, ya juya ta, ya ce, "A turo magabata."

Bayan kaka aka yi biki. Cikin kayan amarya akwai ragaya biyu sababbi, amma ko kwana ba su yi a ɗaki ba, ango ya roƙe su ya kai rumfa.

Tun daga nan, in Tasalla ta biyo da ƙwaryarta sai ta leƙa ta ce, "Maƙeri, ka ƙwace mana sana'a ne? Akwai nono?"

Mudi ya nuna sama ya ce, "Akwai, amma na gado ne, ba na sayarwa ba."

Darasi: Iya aiki bai cika ba sai da iya adana kayan aiki. Ka goge, ka ɗaga sama, ka rataye, kada ka ce kwana uku ne kawai. Kuma in ka ga babba yana wani abu da ya ba ka dariya, tambayi dalili tukuna, wataƙila kai yake yi wa tanadi. Ku tura wa duk wani mai sana'a da kuka sani, musamman wanda kayansa ke kwana a ƙasa.