Mansir Mai Famfo da 'Yan Sharan Baffa

Akwai wani mai gyaran famfo a Fadaman Mada da ake kira Mansir. A aikinsa kam sai a sara masa. In burtsatse ta ƙi ba da ruwa, shi ake nema tun daga Wunti har Gubi. Cutarsa ɗaya ce: duk abin da ruwa ke bi ta cikinsa, gani yake ba a haifi wanda zai koya masa ba.

Maƙwabcinsa Baffa Hammajoda tsohon malamin dabbobi ne. Da ya yi ritaya sai ya koma kiwon kifin ado a akwatin gilashi. Cikin kifayen akwai wasu guda bakwai, kowanne bai kai ƙaramin yatsa ba, masu manne wa gilashi da baki suna cinye gansakuka. Baffa na kiran su 'yan shara, kuma ya fi ji da su a kan manyan masu launi.

Da Allah ya kira Baffa aikin Hajji, aka ɗauko akwatin a hankali aka girke a falon Mansir. Baffa ya nuna masa yawan abincin da ake ba su, da yadda ake rage ruwa kaɗan duk mako a ƙara sabo. Sannan ya nuna ɗan injin tace ruwa da ke maƙale a gefe, wato filta, ya ce kada a taɓa ta.

"Amana ce, Mansir. Bakwai na ba ka."

Mansir ya ce ai ko kaji ne ya iya da su, balle kifi.

Jirgin alhazai bai gama tashi ba, Mansir ya tsaya gaban filtar nan yana taɓe baki. Ruwa na ɗiga daga cikinta kamar hujajjiyar buta. A gidan mai famfo? Abokai su shigo su ga wannan abin kunya? Ya hau babur sai Wunti, ya sayo wata ƙatuwa da aka yi don akwatin da ya ninka wannan sau uku. Ya ɗaura, ya kunna, ruwa ya shiga juyi kamar ana dama fura.

Ya kira matarsa Hamsatu ta zo ta ga aiki. Ita mai koko ce, kullum safiya a ƙofar gida take sayarwa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce manyan kifayen dai ga su nan, amma 'yan sharan duk sun bar gilashi sun laɓe bayan dutse. Ta ce kuma bakin bututun da ke zuƙar ruwan ya yi mata faɗi.

"Hamsatu, ke da koko, ni da famfo. Na taɓa zuwa na ce miki gasararki ta yi ruwa?"

Ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta koma kicin.

Kwana uku da yin haka, Mansir ya ƙirga 'yan shara ya samu shida. Ya ɗora laifin a kan kyanwar gida, ya bi ta da takalmi har kan katanga, alhali akwatin da murfinsa. Bayan kwana biyu suka koma biyar. Wannan karon wani jan kifi mai ƙaton ciki ya tuhuma, ya tsaya yana masa faɗa ta gilashi kamar ya kama ɓarawo.

Daga nan ido ya raina fata. Ya zaga gari neman irinsu don ya cike gurbi. Mai kifin ado na Wunti ya ce daga Legas ake kawo su, sai bayan wata guda, kuma rabi a hanya suke mutuwa. Alhazai kuwa saura mako uku su sauka. Ranar da Baffa ya kira daga Makka, ko gaisuwa bai gama ba ya tambayi 'yan shara. Mansir ya ce lafiya ƙalau.

Washegari da hantsi yana tsugune yana ƙirge, sai ya gani da idonsa. Ɗaya ya matso don ya lashi gansakukar jikin bututun, ruwa ya fizge shi ya manna a bakin, jelarsa na shigewa ciki. Mansir ya yi tsalle ya zare wayar wuta. Kifin ya sulale ƙasa, da ransa, amma jelar ta yage.

Ya zauna daɓas. Ba kyanwa, ba jan kifi. Injinsa ne.

Hamsatu ta shigo ta same shi a haka. Ba ta ce ai na faɗa ba. Ta koma ta ɗauko sabon ƙyallen tatar koko, wanda ko sabulu bai taɓa gani ba.

"Baban Fati, shekara goma sha biyu ina tatar gasara. Ruwa ya wuce, dusa ta tsaya, ilimin ke nan gaba ɗaya. Kai ka bar ƙofa a buɗe ba mai gadi."

Cikin sanyin murya ya ce, kifi biyun da suka ɓace fa, me zai ce da Baffa?

"Ni in abu ya sille min wajen tata, ƙasan bokiti nake dubawa. Ka buɗe injin naka mana."

Ya sauke filtar cikin roba, ya ɗaga murfi, ya janye soson ciki a hankali. Ga su nan su biyu a kusurwa, manne da bango, cikinsu ya yi tim da gansakuka. Ashe can suka yi zamansu suna ta walima, shi yana nan yana ramewa.

Mansir ya yi dariya har da hawaye. Ya kwashe su da cokalin miya ya mayar cikin 'yan'uwansu, ya ƙirga sau uku, bakwai cif. Ya dawo da ƙaramar filtar Baffa. Hamsatu ta yanki ƙyallen ta ɗaure a bakin bututun da zare, ta ce duk kwana uku za ta kwance ta ɗauraye da ruwan akwatin kada ya toshe. Kafin la'asar 'yan shara sun fito sun hau gilashi, har mai yagaggiyar jelar.

Ranar da Baffa ya sauka, bayan an ci dabino an sha zamzam, ya shigo falon ya sa tabarau ya fara ƙirge. Mansir bai jira a tambaye shi ba. Ya kwashe labari tun daga sayen ƙatuwar filta har cokalin miya, bai rage komai ba.

Baffa ya duba jelar da ta fara tsirowa, ya duba ƙyallen, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce shekara shida yana kiwon kifin nan, dabarar ƙyalle ba ta taɓa faɗo masa ba. Ya aika aka ɗauko atamfa da turare daga cikin tsaraba ya miƙa wa Hamsatu.

"In Allah ya kai ni Umara baɗi, ke zan bar wa amanar, 'yata. Shi kuma injiniya ya riƙe miki bokiti."

Mansir ya ce ya karɓi muƙamin.

Darasi: Ƙwarewa a sana'arka ba ta sa ka fi ƙarfin gyara, kuma amana ba wurin nuna gwaninta ba ce. Wanda ka raina saninsa, wataƙila a hannunsa mafitarka take, sau da yawa ma a cikin gidanka yake. In ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka kafin a tambaye ka. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba a faɗa masa ya ji.