Kibiyar da Kwamfuta Ta Raina

A ajin kimiyya akwai wata ɗaliba da ake kira Kwamfuta, saboda saurin lissafinta. Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba ta, sai dai girman kai ya yi mata katutu.

Malamin fiziks yana da doka ɗaya. Idan tambaya ta zo a kan kaya biyu da ke rataye da igiya ɗaya a kan fuli, wato ƴar tayar nan da igiya ke bi ta kanta, dole a fara zana kibiya a gefen takarda, a nuna ɓangaren da aka ba alamar tarawa. Kwamfuta takan taɓe baki ta ce, "Zanen kibiya ai aikin masu kan kwakwa ne."

Aka zo jarrabawar da za a ɗauki mutum ɗaya tak a ba shi gurbin karatun injiniya kyauta. Mahaifinta tela ne, kuma gurbin nan kaɗai ne hanyarta. Tambayar fuli ta fito. Ba ta zana komai ba. Ta ɗauki ƙasa a matsayin tarawa ga kayan biyu, sannan ta rubuta cewa hanzarinsu ɗaya ne, ta manta da alamar ɗebewa. Ita ta fara fita, tana taƙama.

Da sakamako ya fito, maki uku ne suka raba ta da gurbin. Ta faɗa ofishin malamin a fusace. "Malam, an zalunce ni! A sake duba takardata!"

Ransa ya ɓaci. Ya ja ta ɗakin gwaji, ya rataya ƙarfe biyu a igiya a kan fuli, ya saki. Mai nauyin ya sauka, ɗayan ya hau.

"Ke, buɗe idonki! Amsarki ta ce dukansu ƙasa suka yi tare, igiyar ba ta riƙe komai ba. Miƙewa ta yi kamar roba? Shekara biyu ina fama da ke a kan kibiya ɗaya! Wa ya zalunce ki?"

A bakin ƙofa mahaifinta na tsaye yana jira, don ya rufe shago ya rako ta neman hakkinta.

Darasi: kada ka raina ƙaramin mataki don kana ganin ka iya. Kafin ka fara lissafi, tsayar da inda ka dosa, ka rubuta shi, ka bi shi har ƙarshe. Kaifin ƙwaƙwalwa ba ya gyara abin da ganganci ya ɓata.