Jinkar Waziri

A zamanin da, tun daji na da faɗi mutane ba su cika ba, an yi wani sarki da ya gaji wata al'ada daga kakanninsa. Duk itacen da gaggafa ta yi sheƙa a kansa, to shi da gonar da yake ciki sun zama na sarauta, don gaggafa tsuntsuwar gidansu ce. Waziri Tunau ke kula da irin waɗannan gonaki.

Ran nan Sarki na dawowa daga kilisa, sai ya ji wata mata ta nuna saman kuka tana ce wa 'yar'uwarta, "Ga jinkar Waziri can." Ya ɗaga kai, sheƙar gaggafa ya gani. Da aka zauna fadanci ya ce, "Sheƙa muka sani, jinka kuwa rufin ɗaki ce. Ina wannan suna ya samo asali?"

Malamai suka sunkuyar da kai, ba don ba su sani ba.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yabo ne. Suna nufin ina yi musu inuwa daga sama."

Sarki ya lura ba wanda ya ce "gaskiya ne". Ya sa aka yi shela, wanda ya san asalin sunan ya zo.

Ba wanda ya zo sai Tasalla, wata dattijuwa da aka karɓe gonar mijinta tun ba ta fita takaba ba. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ce, "Zaki, bakina ba na kyauta ba ne. Ka ba ni amana, ka taka da ƙafarka zuwa gonar, mai hawan itacen kuma kada ya zama mai cin tuwon Waziri."

"Iya, da Sarki kike ciniki?"

"Ranka ya daɗe, kai ka yi shela, ni ban yi talla ba."

Sarki ya yarda. Da suka isa gindin kukar da ke gonar, Tasalla ta ce, "Duba ƙasa. Ina farin kashin tsuntsu? Ina ƙasusuwan abin da ta ci?" Ko gashi ɗaya babu. Wani maharbi ya hau, ya sauko da sheƙar ɗungurungum a ka kamar kwando. Sarki ya sa hannu ya juya ta, sai ga kirare an ɗaure su tam da igiyar rama, ƙulli irin na masu jinka.

"Ni dai ban yi karatu ba," in ji Tasalla, "amma ban taɓa ganin gaggafa na tufka ba."

Shekaru ke nan Sarki yana gode wa Allah da yawaitar gaggafa a zamaninsa, yana tsammanin albarka ce. Da ƙyar ya ce, "Taki kaɗai ce?"

"Ka bi gidajen da aka yi rasuwa. Gaggafar Waziri hancin ungulu gare ta, inda maigida ya mutu nan take sauka."

Sarki ya juya ga malamai. "Kun sani?"

Babbansu ya ce, "Har yaran gari sun sani, Zaki. Kai kaɗai aka bari."

Nan take aka warware rawanin Tunau. Sarki ya yanke cewa Tunau ne zai hau kowace kuka da kansa ya kwance abin da ya sa aka ɗaura, masu gona na kallo, kowa ya karɓi tasa. Sunan dai bai bar ƙasar ba, har sheƙar gaskiya da shi suke kiranta.

Dogarai suka sunkuya za su ɗauki sheƙar zuwa fada, Tasalla ta ɗora ƙafa a kai.

"A gonata aka same ta, ranka ya daɗe. Itacen girki ne."

Sarki ya dube ta, ya dubi dogarai, ya ce, "Ku kai mata har gida."