Igiyar Shekaru a Gindin Tsamiya

A wani ƙauye da ke hayin kogi an yi wata mace, matar manomi, wadda ta ɗan taɓa karatu kafin ta yi aure. Makaranta kuwa tana wancan ƙetaren. Da rani yara sukan taka yashi su wuce abinsu, amma da zarar ruwa ya sauka sai kogin ya cika ya batse, ba uwar da za ta bar ɗanta ya sa ƙafa. Saboda haka matar nan ta ce ita za ta koyar da nata a gida. Ta share gindin tsamiyar da ke tsakar gidansu, ta shimfiɗa tabarma, wurin ya zama aji. Babbar 'yarta Keziya irin yaran nan ce da in ka ba su amsa ɗaya sai su fito maka da tambaya uku.

Ƙidaya ta zauna, karatu ma ya zauna. Tarihi ne ya ƙi zama. Yau ta ba su labarin ruwan tufana, gobe ta ba su labarin kafa ƙauyensu, jibi sai ga Keziya tana tambaya ko Kaka ma ta shiga jirgin nan da aka cika da dabbobi. Kaka, wato uwar maigidan, tana bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ta ce tsufanta bai kai can ba tukuna.

Matar ta gane cewa a idon yara duk abin da ya wuce wuri guda yake, kamar hatsi a rumbu. Sai ta jiƙa rama, ta tufka igiya doguwa, ta ɗaura ta daga reshen tsamiya zuwa ƙafar rumbu. Ta bi gidajen maƙwabta ta tattaro sakaina, duk ƙwaryar da ta fashe aka jefar bayan ɗaki. Ta sa wuƙa a wuta, ta riƙa ƙona zane a bayan kowace sakaina yadda mata suke yi wa ƙwaryar aure, ta huda ta, ta rataya da zare. Wajen tsamiya shi ne farkon duniya, wajen rumbu shi ne yau. Ta bar ɗan wuri a ƙarshe babu komai, domin shekarun da ba su zo ba.

Kwanakin aikin nan sun yi mata daɗi ƙwarai. Hayaƙin ƙonar ƙwarya yana tashi a hankali, hasken rana yana ɗigowa ta cikin ganyen tsamiya, in iska ta ɗan motsa sai sakainun su riƙa taɓa juna suna wata 'yar ƙara mai sanyi. Wani lokaci takan manta da tukunya a murhu tana kallonsu suna lilo.

Na zamanin dā ba su ba ta wahala ba, ta rataya abin da ya fi tsaya mata a rai tun tana yarinya: korar mutum daga gonar farko, ruwan tufana, bauta a Masar, birnin da aka rushe aka kwashe mutanensa, da gicciye a kan tudu. Na ƙauye ne ta je wurin surukarta. Mutanen wurin ba sa kiran shekara da lamba, suna suke ba ta. Tsohuwa ta jero mata su ba gargada: shekarar fara, shekarar yunwa, shekarar ƙyanda, shekarar da kogi ya ci tsohon gari, shekarar gobarar rumbuna. Kada ku ga laifin Kaka. Ku je ku tambayi kowane tsoho a garinku yaushe aka haife shi, ku ji ko zai ce muku shekarar da aka ƙoshi.

Matar kuwa gwanar hannu ce. Farar da ta zana sai da kaza ta yi tsalle ta kai mata sara. Tarihi ya zauna daram. Keziya takan rufe ido ta biyo igiyar da baki tun daga tsamiya har rumbu, ba ta tsallake ko ɗaya, uwar tana jin daɗi har cikin ranta.

Ana nan sai damina ta faɗi. A gidan, in yaro ya yi wayo akan yankar masa gayauna, 'yar gonar kansa, abin da ya noma nasa ne. Tun bara Keziya take naci a ba ta tata. Bana uban ya yankar mata a bakin fadama, ya cika mata ƙwarya da irin gyaɗa. Kowa ya fita shuka, Keziya ba ta fita ba. Ta ɓoye ƙwaryar a ƙarƙashin gado. Waƙar da takan yi in tana shara ta ɗauke, tuwo ma sai an yi da gaske take ci. Kullum sai a gan ta zaune wajen rumbu, ta zuba wa ƙarshen igiyar ido, inda babu komai.

Uban ya ce, “Maman Keziya, ki yi wa 'yarki magana. In lemar nan ta wuce, shi ke nan sai baɗi.”

Uwar ta je ta zauna kusa da ita, ta tambaye ta abin da ke damunta. Yarinyar ta nuna igiya.

“Mama, me za a rataya a nan?”

“Ban sani ba tukuna. Sai shekara ta ƙare.”

“Fara ce ko gobara? Ai duk shekarar da ta samu suna, wani abu ne ya cinye ta. In na shuka, zuwa zai yi ya cinye. Gara irin ya zauna a ƙwarya ina ganinsa.”

Uwar ta ce, “Haba Keziya, ba na gaya miki Allah mai alheri ne ba?”

“Kin gaya mini. To, a ina aka rataya shi?”

Uwar ta dubi igiyar tun daga wancan kai har wannan, ba ta sami abin da za ta nuna da yatsa ba. Baƙin ciki ya kama ta, gama da hannunta ta ƙona kowane zane, zanen wuta kuwa ba ya goguwa.

Da rana ta take, gida ya yi tsit, uwar ta rasa inda za ta sa kanta. Ta zaga ta bayan igiyar ta zauna a inuwar katanga, gefen da ba ta taɓa zama ba tun da ta ɗaura ta. Ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya, kurciya tana kuka can nesa. Daga nan ba a ganin zane ko ɗaya, sai cikin sakainun, fari fat, suna juyawa a hankali. Tana kallonsu har idonta ya yi nauyi.

Tsakanin barci da farke ta ga igiyar ta miƙe ta wuce katanga, ta haye kogi, ta tafi har inda ido ba ya kaiwa. Sakainun suka yi girma kamar ƙyauren ɗaki, ita kuma tana tafiya ta bayansu ba takalmi. A bayan ruwan tufana ta ga sabuwar ciyawa da bakan gizo. A bayan bauta ta ga taron mutane suna taka busasshiyar ƙasa a tsakiyar teku, mata da goyo, tsofaffi da sanda. A bayan gicciye ta ga lambu da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, an kawar da dutse daga bakin kabari. Da ta iso shekarun ƙauyensu sai ta tarar da fari kawai. Tana jin muryoyi a ciki, tana jin ana daka, har da kukan jariri, amma ba ta ganin kowa. Ta miƙa hannu za ta tura, sai ɗigon ruwa daga ganye ya faɗo mata a goshi, ta farka.

Ba ta tsaya gyara ɗankwali ba ta nufi ɗakin tsohuwa. Keziya ta biyo ta a baya.

Uwar ta ce, “Inna, shekarar fara, da farar ta tashi, me kuka ci?”

Kaka ta ajiye gyaɗar da take ɓara, ta ce, “Tun da nake, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya.” Sai kuma ta fashe da dariya. “Ita muka ci mana! Ta ci geronmu, muka soye ta da yaji. Rogo kuma yana ƙarƙashin ƙasa, ba ta san da shi ba.”

Daga nan bakin tsohuwa ya buɗe. Shekarar yunwa, wasu mutane daga kan dutse, waɗanda ko harshensu ba a ji, suka sauko da jakuna ɗauke da dawa, suka sauke suka juya. Shekarar da kogi ya ci tsohon gari, da ya janye sai ya bar baƙar ƙasa mai taushi, ita ce fadamar da ake nomawa yau. Da aka zo kan shekarar ƙyanda muryarta ta yi ƙasa. Ta binne 'ya'ya biyu. Na ukun, jariri, an riga an fid da rai, har an nemo ƙyallen da za a naɗe shi, sai ya yi atishawa ya nemi nono. Ta dubi Keziya da hawaye ta ce, “Shi ne ubanki, mai cin tuwo kamar ba gobe.”

Uwar ta ce, “Gobarar rumbuna fa, Inna?”

Tsohuwa ta girgiza kai. “Wannan kam ban ga bayanta ba har yau. Ba zan yi miki ƙarya ba.”

Suka koma gindin tsamiya. Uwa da 'ya suka ɗauki gawayi da shuni da jar ƙasa, suka bi sakainun ɗaya bayan ɗaya suna zane a cikinsu. Ba su cire ko guda ba. Ta gobara suka bar cikinta fari, uwar ta ce wannan ana jira. Da suka gama iska ta taso, sakainun suka shiga juyawa, yanzu fara, yanzu rogo, yanzu kabari, yanzu jariri.

Keziya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Mama, wanne ne gaskiya?”

“Duka biyu. Ai sakaina ɗaya ce.”

Yarinyar ta shiga ɗaki ta jawo ƙwaryarta daga ƙarƙashin gado, ta saɓa 'yar fartanyarta. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ce in fara ta zo, a tanadi yaji. Ta gangara fadama, ƙasa da sauran danshi. Ko gyaɗar ta yi ko ba ta yi ba, wannan ba a gaya mini ba. Abin da na sani, an shuka ta.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Igiyar ita ce kwanakin da Allah ya ba mu, mu da kakanninmu. Sakainun su ne labaran da muke ba 'ya'yanmu, a bakin murhu, a hanyar gona, ko muna sane ko ba mu sane ba. Zanen wuta shi ne wahala. Gaskiya ce, ta faru, Ubangiji bai ce mu goge ta ko mu yi kamar ba ta yi zafi ba. Farin da ke cikin sakaina kuwa shi ne alherin da ya yi mana a cikin wannan wahala ɗin, wanda muka ci, muka sha, muka rayu da shi, amma ba mu taɓa faɗa ba domin ba wanda ya tambaya.

Matar nan ba ta yi wa 'yarta ƙarya ko ɗaya ba, rabin gaskiya ta rataya mata, rabin kuwa ya isa ya hana yarinya shuka. Haka muke yi. Mu zo sujada mu rera cewa Allah nagari ne, mu koma gida yara su wuni suna jin wanda ya cuce mu, da ciwon da ya kwantar da mu, da shekarar da komai ya lalace. Sa'an nan mu yi mamaki don sun tashi da tsoro, ba sa iya sa hannu a komai. Yaro ba ya gaskata abin da aka gaya masa sau ɗaya ranar Lahadi, abin da yake gani a rataye kullum shi yake gaskatawa.

Wataƙila a cikinku akwai mai shekarar da har yanzu bai ga bayanta ba. Kada ka ƙaga mata zane. Ka bar ta fari, ka jira Ubangiji, ka bar 'ya'yanka su ga kana jira. Amma sauran, waɗanda ka san yadda aka fid da kai, ba ka da hujjar yin shiru a kansu.

Yau in kun koma gida, ku zauna kusa da tsohon da ya rage muku, yara suna ji, ku tambaye shi abin da suka ci bayan wahala ta wuce. Ku yi sauri, tsofaffin nan ba za su daɗe tare da mu ba. In suka tafi da rabin labarin a bakinsu, sunan wahala kaɗai za mu bar wa 'ya'yanmu gādo.