Tawul ɗin Kawu Thongbai

Kun taɓa ganin mai toshe hanci don ƙazantar wani, alhali tasa tana rataye a wuyansa?

Akwai wani mai horar da 'yan dambe a garin Buriram, sunansa Thongbai. Tawul ɗaya gare shi. Da shi yake share gumin 'yan dambensa goma sha ɗaya, da jininsu, da majinarsu, sannan ya maida shi wuya. A cewarsa tawul ɗin sa'a ne, wanki zai kore ta. Shekara uku bai ga sabulu ba.

Idan maruru ya fito wa wani, sai Thongbai ya aika shago a sayo kafson kashe ƙwayoyin cuta, ya fasa ɗaya ya barbaɗa a kan gyambon, a haɗiyi biyu, a jefar da sauran.

Yana da 'yar ƙanwa, Kanlaya, mai karatu a jami'a. Kowane hutu tana tsugune a kududdufin bayan gidansa tana kankare yauƙin bayan kwaɗi cikin 'yan kwalabe. Ta yi masa bayani: a fatar kwaɗo akwai ƙananan sinadarai masu huda jikin ƙwayar cuta, kuma masana na gwada su a kan sitaf, ƙwayar nan mai kawo maruru, wadda wani nau'inta ya daina jin magani.

Thongbai ya tofar da yawu.

"An tura ki boko kin dawo mai tatsar majinar kwaɗo. Matsa da hannunki daga kwandon shinkafar nan."

"Kawu, hannuna na wanke. Wuyanka fa?"

'Yan damben suka ƙyalƙyale da dariya. Abin ya yi masa ciwo. Washegari ta tarar ya kwashe kwaɗin da ta yi wata biyu tana warewa, ya soye su da tafarnuwa, har ya miƙo mata cinya ɗaya. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Bayan wata huɗu ƙurji ya fito masa a ƙwauri. Ya matse, ya goge da tawul, ya barbaɗa kafso. Ƙafa ta kumbura kamar kututturen ayaba. Mugunya ta riƙa jiƙa tabarma, ƙudaje suka samu gida. Matarsa ta koma kai masa abinci da hanci a toshe.

A asibiti likita ya ce nau'in sitaf ɗin nan ne mai taurin kai, ya kuma ci har ƙashi. An canza ruwan allura sau biyu, ƙafar na ƙara baƙi.

Kanlaya ce ta zo ta zauna. Ita take riƙe masa tasa idan ana wanke gyambon, ba ta taɓa kau da kai ba. Thongbai ya kasa kallonta. Can ya kama hannun nan da ya kora daga kwandon shinkafa.

"'Yata, kawo maganin kwaɗon. Ko lasa ne zan lasa."

"Babu shi tukuna, Kawu. A farantin gwaji kawai yake kashe ƙwayar, ko a jikin ɓera ba mu gwada ba. Shekaru ne a gaba. Da ka wanke tawul ɗin, da ba ka nemi nawa ba."

Ranar Alhamis aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Da ya dawo gida a kan sanda, ya sa aka ɗauko tawul da tsinken gora, aka cinna masa wuta. Warin ya kori har karnukan gidan. Sannan ya sa aka kewaye kududdufin da waya, ya ce duk wanda ya taɓa kwaɗo ɗaya ya tattara kayansa.

Darasi: Kada ka raina mai aikin da kake ƙyama, kuma kada ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka, domin sabon magani ba ya zuwa ranar da ka buƙace shi. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana fasa kafso a kan gyambo, yau ɗin nan.