Ruwan Furen da Ya Yi Tsami

Ranar sadakar ukun ɗana na fari, wanda muke kira Magaji, na tashi daga tabarmar karɓar gaisuwa na ɗauki gatari. Daga kan ɗorawar bakin rafi ya faɗo yana ɗaura amya, a hannuna kuma ya cika. Tun lokacin ban yi magana da kowa ba, har da uwarsa Hansai. Na yi niyyar bishiyar nan ba za ta ga la'asar a tsaye ba.

Ɗorawar ta yi fure jajawur. Amya ta fi a ƙirga a rassanta, kukan ƙudan zuma kamar injin niƙa. Na san sara ɗaya zai sauko da su kaina. Ban damu ba.

Sai na tarar da Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, zaune ta jingina da gindin. Ta riga ni, da sandarta.

"Gwaggo, tashi."

"Ƙafafuna sun ƙi. Sara, Ɗanjuma. Su kashe mu tare, a huta da haƙa kabari biyu a rana daban."

Na ɗaga gatarin. Ƙuda ɗaya ya sauka a wuyan hannuna, yana tafiya a hankali.

"Kada ka motsa," in ji ta. "Kafin ya tashi, ji abin da ya faru da wani sarki."

Ta ce an yi wani sarki mai 'ya ɗaya. Wata rana tana tsinkar fure a lambu, zuma ta harbe ta a maƙogwaro, ta rasu. Sarki ya kulle bakinsa. Ya fito da umarni ɗaya: a sare duk abin da ke fure a ƙasarsa, zuma ta mutu da yunwa. Masu gatura suka taru. Sai wani tsohon ƙudan zuma, fukafukansa duk sun yage, ya sauka a kan rawanin sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ikonka ne. Amma ina ganinka sai na tuna wani ɗan'uwanmu da ya ƙi komawa gida."

Sarki ya ce, "Yaya aka yi da shi?"

Ƙuda ya ce, "Mu ruwan fure muke sha, amma wanda muka tsotso da safe ba abinci ba ne tukuna. Tsululu ne. Muna ɗauko shi a ciki, mu kai gida, wannan ya zuba wa wancan a baki, wancan ya miƙa wa na gaba, ana fifita shi da fukafukai, har ya yi kauri ya zama zuma. To, wani ɗan'uwanmu ya fita kiwo da abokinsa. Ya cika cikinsa da ruwan furen maɗaci, sai tsuntsu ya sure abokin a gabansa. Ya ce ba zai koma ba. Abin da ke cikinsa mai ɗaci ne, ba zai zuba wa kowa ba. Ya maƙale a reshe yana cizon furen, wai shi ya jawo su wurin. Rana ta yi, ruwan ya yi tsami a cikinsa, ya kumbura, ya kasa tashi. A gida kuwa ana tsaye a bakin ƙofa, baki buɗe, ana jiransa. Furen da ya ciza, washegari wani ya buɗe a gefensa. Shi ne dai tururuwa ta ja. Allah ya ba ka nasara, kai wa ke jiranka a bakin ƙofa?"

Gwaggo ta ce sarki ya sallami masu gatura, ya shiga wurin uwar yarinyar.

Ta ɗago ta dube ni. "Kai kaɗai ka ji abin da yaron nan ya faɗa kafin ya cika. Hansai ko ruwa ba ta sha ba. Kowa ya shiga gaisuwa sai ta leƙa bayansa ko kai ne. Ka sare ɗorawa, ka mutu a nan, ta rasa ɗa, ta rasa miji, ta rasa maganar. Wannan ce sadakar da za ka yi masa?"

Na dubi wuyan hannuna. Ƙudan ya tashi, ya koma cikin furanni. Na sauke gatarin a hankali, na kwantar da shi a ƙasa.

"Na ji, Gwaggo."

"To kama ni in tashi. Da gaske ƙafafun sun ƙi."

Na raka ta har ƙofarta, na wuce gida. Mata suka ba ni hanya. Hansai na zaune a bakin gado. Na durƙusa gabanta.

"Ya yi salati," na ce. "Sannan ya ce a gaya wa Inna bai ji zafi ba."

Ta riƙe rigata da hannu biyu. "Sake faɗa min."

Na sake faɗa mata.